Wasa Farin Girki: Waiwaye Kan Motar Kara da 'Yar Tsana

Bara da kaka na nemi sakaina a gidanmu na rasa. Gida ne mai sassa shida a wani ƙauye na ƙasar Dambatta, gidan da a da ba ka taku goma a tsakar gida ba ka yi tuntuɓe da fasasshiyar ƙwarya ba. Na leƙa madafi, na zaga bayan rumbu, na tambayi matan gida. Matar ƙanena ta ce, "Yaya, ai roba ta kori ƙwarya. In ba wajen mai fura ba, ina za ka gan ta yanzu?"

Dalilin neman sakainar kuwa shi ne ɗan ƙanen nawa, yaro ɗan shekara bakwai. Ya zo ya tsaya a gabana riƙe da wata jar motar roba da aka sayo masa ran Lahadi a kasuwar Dambatta. Kwana huɗu ke nan da sayen ta, taya ɗaya ta fita, batir ya mutu. Ya ce, "Baffa, ta lalace." Na ce, "To, gyara ta mana." Ya dube ni da mamaki, ya ce, "Ai sai dai a sayo wata."

Maganar nan ta daɗe tana yi mini yawo a zuciya. Yaron bai yi laifi ba, abin da ya tarar ya faɗa. Amma na san da a ce shekara arba'in da suka wuce ne, a wannan tsakar gidan, babu yaron da zai furta ta. Mu a lokacinmu mota ba ta lalacewa ta zauna. In taya ta fashe a goga wata, in bodi ya karye a sake shi, in ta tsufa gaba ɗaya a wargaza a ƙera wadda ta fi ta. Ba mu san "a sayo" ba, "a yi" muka sani.

Wanda bai san ƙasar nan ba zai ɗauka karkara daji ce. Tamu ba haka take ba. Daga Ungogo zuwa Minjibir, daga Dawakin Tofa zuwa Bichi da Dambatta da Makoɗa, gona ce take bin gona, gida yana hangen gida, gawo da ɗorawa da kuka da tsamiya a tsaye a tsakiyar shuka. Wani Bature masanin labarin ƙasa, Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello da ta Bayero, ya yi nazarin wannan yanki tun shekarun 1960. Abin da ya ja hankalinsa shi ne yadda mutane masu yawan gaske suke noma ƙasa ɗaya kowace shekara ba hutu, amma ba ta mutu ba. Sirrin kuwa kowane manomi ya san shi: ba a zubar da komai. Harawa ta tafi ga dabbobi, kashin dabbobi ya dawo gona, toka da sharar birni su zo a mangala bisa jakuna. Kara ya zama danga, ya zama jinka, ya zama gado, ya zama makamashi.

A cikin wannan tarbiyya muka buɗe ido. Don haka da yaro ya ga kara, ko gwangwani, ko tsinkakken silifas, abin da yake fara zuwa masa a rai shi ne: me za a yi da wannan?

Bari in faɗi yadda ake motar kara, don na lura har wasu iyayen yanzu ba su taɓa gani ba. Karan dawa ake nema, busasshe, miƙaƙƙe, mai kauri; na gero bai kai shi ƙwari ba. A sa haƙori ko tsohuwar reza a ɗaye ɓawon, a tsaga shi siri-siri. Abin da ya rage a ciki, farar totuwa mai laushi, a yayyanka ta gunduwa-gunduwa. To, ɓawon nan shi ne ƙusa, shi ne ƙarfe. Totuwa ita ce katako. A soka wannan cikin wancan, a tayar da shasi, a ɗora kan mota, a gina bodi hawa-hawa kamar na motar katako mai ɗaukar buhuna. Babu gam, babu igiya, kara ne yake riƙe kara.

Taya ita ce jarrabawa. A ɗora murfin gwangwani a kan sakaina, a zagaye shi da gawayi, a riƙa ɓantarar gefen a hankali, sannan a zauna gindin dutse a yi ta gugawa har ta zama da'ira. A gasa ƙusa a murhun Inna a huda tsakiya. In hudar ta kauce ko da kaɗan ne, mota za ta riƙa ɗingishi, sa'o'inka su yi ta yi maka dariya har ka sake wata. Ban san kalmar "tsakiyar da'ira" ba sai da na shiga aji biyar, amma hannuna ya riga ya san ta tun ina ɗan shekara takwas. Daga ƙarshe a kawo dogon kara a haɗa da ƙafafun gaba, a lanƙwasa ɓawo a yi sitiyari a samansa, yadda direba zai tuƙa yana tsaye.

Yayana ne ya koya mini, shi ma wani ya koya masa. Ba ya yawan magana. In na yi kuskure sai ya karɓa ya zare, ya miƙo mini, ya ce, "Sake." Ran da motata ta fara tafiya daga ƙofar gida har bakin rijiya ba ta wargaje ba, ya ce, "Yanzu ka zama direba." Na sha karɓar takardun shaida a rayuwata, amma kaɗan ne suka yi mini daɗin wannan kalma.

Samfurin da muke kwaikwaya yana kan titi. Hanyar Kano zuwa Daura ta ratsa Dambatta da Kazaure, don haka manyan motoci ba sa yankewa. Mukan zauna a bakin hanya mu ƙare musu kallo: ina tankin mai yake, taya nawa ne a baya, yaya aka ɗaure tamfol. Da Peugeot ta fara fitowa daga masana'antar Kaduna a 1975, ba a jima ba 504 ta bayyana a dandalinmu, ta kara da ta langa-langa. Muna da tasha, da ɗan kamasho, da yaron mota, da fasinjoji na totuwa. Dalar gyaɗa ta Kano ta riga ta fara zama labari a lokacin, bayan farin 1973 da cutar da ta cinye gyaɗa a 1975, amma yayyenmu da suka gan ta da idonsu sukan tara tsakuwa su yi dala, mu kuma mu yi ta jigila.

Wanda ya ƙware a kara sai ya wuce zuwa langa-langa. Nan kuma aikin ƙira ne sosai: a fasa gwangwanin madara ko na tumatir, a buge shi ya miƙe, a yanka, a naɗe baki don kada ya yanki hannu, a yi ƙofa mai buɗewa, a yanko taya daga tsohon silifas. Wasu har fitila suke sawa da ƙwan tocila da tsohon batir da aka shanya a rana.

'Yan'uwanmu mata kuwa duniyarsu ta fi tamu tsari. 'Yar tsana ta kara ce ko ta ƙashi. Bayan Babbar Sallah ƙashin ƙafar rago yakan yi daraja a wurinsu. A wanke shi, a yi masa gashi da baƙin zare, a yi kitso, a je wurin tela a roƙo ƙyallaye a ɗinka zane da kallabi. Sai a sa ranar biki. Na ga bikin 'yar tsana da aka yi shi da lefe da kamu da kai amarya, aka yi jere da murafen kwalba a matsayin kwanuka, aka gayyato 'yan matan unguwa uku. Ana fara wa da tuwon ƙasa da miyar ganye a gwangwani. Wata rana sai uwa ta ga hannun yarinya ya faɗa, ta ɗebo tsaba kaɗan da 'yar ƙaramar tukunya ta ce, "Ungo, yi na gaske." Hausawa da suka ce wasa farin girki, a tsakar gida suka gani. Ɗinki, kitso, girki, karɓar baƙi, rabon abinci yadda zai isa kowa, duk a gindin 'yar tsana aka fara su.

Ba kuma baƙon abu ba ne a addininmu. Ya tabbata a hadisi cewa Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, tana wasa da 'yan tsana tare da ƙawayenta a gidan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, har an ruwaito cewa a cikinsu akwai doki mai fukafukai, ya gani ya yi dariya. Wasan yara abu ne da aka san darajarsa tun can.

Kowane lokaci na shekara da abin da yake kawowa. Da damina kududdufi ya cika, sai a koma laka: shanu masu tozo da ƙahon ƙaya, raƙuma, dawakai, 'yan tukwane, a jera a rana su bushe. Da kaka kara ya samu, sai mota da sarewa da tabarau na kara. Da hunturu iska ta taso, sai filfilwa da gare. Akwai katantanwa, akwai ƙwallon tsumma, akwai danƙo na harbin tsuntsayen da ke cin gero. In azumi ya kai kwana goma, sai shirin tashe: gemun auduga, gangar gwangwani, rawanin tsumma, duk aikin hannunmu. Har karatun allo bai fita daga wannan layi ba, domin almajiri shi yake feƙe alƙalaminsa na kara, shi yake dafa tawadarsa. Kuma duk wanda ya raina gwangwani, ya tuna cewa kuntigin da marigayi Ɗan Maraya Jos ya zaga duniya da shi, har Allah ya karɓi ransa a 2015, cikinsa gwangwanin kifi ne aka rufe da fata.

Ba zan ce zamanin nan namu aljanna ba ne. Rashi ne ya sa muke ƙerawa. Da an ba mu motar kanti a lokacin da gudu za mu karɓa. Ɓawon kara ya sha tsaga mana yatsu, langa-langa mai tsatsa ta sha yi wa yara rauni a lokacin da asibiti yake nesa. Da yawa cikin gwanayen dandalinmu ba su taɓa shiga aji ba, kuma wannan asara ce da har yau take cin su. Amma rashin nan ya bar mana wani abu da kuɗi ba sa saya: yaro ya tashi da sanin cewa hannunsa yana iya fitar da abin da babu shi a da.

To, me ya faru? Mutane sukan ce wayar hannu ce, ko kayan China. Suna da nasu kason, amma ran da na rasa sakaina na gane cewa abin ya fi haka zurfi. Kayan aikin ne da kansu suka ɓace daga hannun yara, ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya lura.

Ƙwarya ta ba roba wuri, sakaina ta tafi. Madara da tumatir da muke samun gwangwaninsu, yanzu a ƙauye mafi yawa a leda ake sayen su. Ɗan gwangwanin da ya rage kuma ya yi kuɗi, domin 'yan gwangwan suna zagawa da kura suna saye, yaro ya gwammace ya tara ya sayar ya sayi alewa. Kududdufai da yawa an cike su an yi gini. Kara kansa ya zama haja. Ƙidayar 1991 ta ba Jihar Kano mutum miliyan 5.8, ta 2006 ta ba ta miliyan 9.4, ƙasar noma kuwa ba ta ƙaru da taƙi ɗaya ba. Gonar da kakanmu ya noma shi kaɗai, yau an raba ta gado kashi-kashi. Itace ya yi tsada, kiwo ya yawaita, don haka ana gama girbi ake ɗaure kara a kai gida, ko a sayar, ko a niƙa a inji a zuba wa dabbobi. A da in yaro ya zari kara goma ba mai ɗaga kai. Yau sai ka ji an ce, "Kai, ajiye, na girki ne." Kuma mai faɗar haka yana da gaskiya.

Bayan kayan aiki, sai lokaci. Yaron yau yana boko da safe, Islamiyya da yamma, ga aike, ga talla, ga ɗiban ruwa. Karatun nan alheri ne, ba mai jayayya. Amma dandalin dare ya mutu a garuruwa da yawa saboda tsoron zamani, 'yar tazarar da ta rage kuma waya ta cinye ta. Tun da layukan salula suka shigo Nijeriya a 2001, sannu a hankali har suka kai ƙauyukanmu, yanzu in ka je rumfar mai cajin waya da la'asar za ka tarar da yara goma sun haɗa kai a kan allo ɗaya. Idanu suna aiki, hannuwa suna cikin aljihu.

Makaranta ma ta saki nata kason. Mu 'yan UPE ne, shirin ilimin firamare kyauta da aka ƙaddamar a 1976. A jadawalinmu akwai darasin aikin hannu. Kowa zai kawo abin da ya yi: igiyar rama, mafici, tsintsiya, faifai, malam ya duba ya ba da maki. Daga baya na ga yadda abin ya lalace a wata makaranta da 'ya'yana suka yi: ranar aikin hannu sai a ce kowa ya sayo tsintsiya a kasuwa, ko ya kawo kuɗinta. Wato an koya wa yaro cewa maki ma ana sayen sa. Tsarin 6-3-3-4 da aka fara a 1982 ya zo da kyakkyawar niyya ta koyar da sana'a a ƙaramar sakandare, aka shigo da injuna daga ƙasashen waje, amma a makarantu da yawa sun tsufa a cikin akwatunansu saboda rashin wuta da rashin malamai. Muka bar na hannu, na kanti bai zauna ba.

Abin da ya fi damuna shi ne darasin da motar roba take koyarwa ba tare da ta yi magana ba. An ƙera ta a wata masana'anta a China, inda ake yin mafi yawan kayan wasan duniya, ta hau jirgin ruwa, ta sauka Legas, ta zo kasuwar Sabon Gari, ta iso ƙauye a faifan ɗan koli. Yaron da ya karɓe ta bai san yadda aka yi ta ba, ba zai iya buɗe ta ba, in ta karye ba ta gyaruwa. Abin da ya koya shi ne: abu mai kyau daga nesa yake zuwa, wasu ne suke yin sa, namu jira da biya. In yaro ya girma da wannan tunani a kan abin wasa, da wuya ya canza shi a kan garma, ko famfo, ko maganin asibiti. Guntun gatarinka, in ji magabata, ya fi sari ka ba ni.

Na duba sa'o'ina na dandali. Wanda ya fi kowa iya motar langa-langa yau babban bakanike ne a Kano, yaransa sun fi ashirin. Wani yana walda, yana ƙera ƙofofi da kurar ruwa. Wata da ta fi kowa iya ɗinka wa 'yar tsana kaya, da keken ɗinki ta aurar da 'ya'yanta. Ba wanda ya zaunar da su ya ce ga sana'arku. Wasa ne ya nuna. A 2007 duniya ta ji labarin Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin kimiyyar fiziks a Jami'ar Bayero, wanda ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da tarkacen motoci da babura da injin tsohuwar Honda Civic, har ya ɗaga daga ƙasa. Duk wanda ya taɓa goga sakaina a dutse ya san irin zuciyar da take kai mutum ga wannan: zuciyar da take kallon bola ta ga kayan aiki.

Ƙasashen da suka ci gaba sun farga da wannan. A makarantunsu ana ware ɗaki da kuɗi don yara su yanka kwali, su haɗa katako, su ƙera da hannunsu. Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa haƙƙin wasa a yarjejeniyar kare haƙƙin yara ta 1989, kuma daga 2024 ta ware 11 ga Yuni a matsayin ranar wasa ta duniya. Abin da suke kashe kuɗi su gina, mu a bayan danga muka gaje shi kyauta, muna kuma barin sa ya zube.

Ranar nan da na rasa sakaina ban haƙura ba. Na roƙi kara biyar a wurin matar ƙanena, na samo tsinkakken silifas a bayan gida. Muka zauna a inuwar darbejiya ni da yaron. Hannuna ya yi nauyi, amma bai manta ba. Kafin in gama shasi yara shida sun kewaye mu, kafin in gama bodi sun zama goma sha biyu, har da 'yan mata. Ba wanda ya kira su. Na miƙa wa ɗan ƙanena totuwa da ɓawo na ce ya yi ƙofar baya. Ya yi, ta karkace. Na zare na miƙa masa na ce, "Sake." Ya sake sau uku. A na huɗu ta zauna.

Da na koma gida da Ƙaramar Sallah, na tarar da motoci huɗu a zaure, ba wadda na sa wa hannu. Ɗaya ma tirela ce mai taya goma, an yi tayoyin da murafen robar lemo, dabarar da mu ba mu taɓa yi ba don ba mu da irin murafen a zamaninmu. Yaron ya ce, "Baffa, tawa ta karye sau biyu, na gyara." Ashe basirar tana nan inda muka bar ta. Abin da yara suka rasa shi ne wanda zai nuna musu sau ɗaya, da ɗan abin da za su taɓa, da sa'a guda da ba a aike su ba.

Don haka kirana ga iyaye, musamman mu da muka yi wasan nan da hannunmu: mu ne na ƙarshe da suka iya, in muka tafi da shi ya tafi ke nan. In an yi girbin bana, a ware ɗaurin kara ɗaya a ce na yara ne. Uwa ta ajiye ƙyallen da tela ya rage, ta nuna wa 'yarta yadda ake naɗa wa 'yar tsana kallabi. Malaman firamare su dawo da aikin hannu na gaskiya, su ƙi karɓar abin da aka sayo, su ba da maki ga abin da yaro ya yi ko da ya karkace. Wanda yake da halin saya wa ɗansa motar kanti ya saya, ba laifi, amma ya zauna da shi yini ɗaya su ƙera ta kara. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, hannun yaro ma haka ne. Allah ya raya mana zuri'a, ya sa albarka a hannuwansu.